Famfon Sufeto

Ranar da masu gaisuwar rasuwar matarsa suka watse, Mai Agogo ya sunkuya ya zare wayar famfon magen daga bango. Bai yi shawara da kowa ba. To da wa ma zai yi?

Famfon dai wata farar roba ce mai kama da tukunya, tana zaune a kusurwar falo kusa da ƙofar kicin. Akwai ɗan inji a cikinta da ke tura ruwa sama, ya ɓullo ta wani furen roba, ya gangaro ya koma ciki, haka dare da rana. Matarsa ce ta kawo shi gidan, wai magenta ba ta shan ruwan da yake kwance. A lokacin har dariya ya yi mata, ya ce shi da ya aure ta bai samu famfon kansa ba, sai wata mai wutsiya. Ta ce ranar da ya fara kama ɓera za ta duba lamarinsa. Tsoho take kiransa, shi kuma ya ce mata Tsohuwa, tun ba su tsufa ba har abin ya zo ya zama gaskiya. Magen kuwa Sufeto aka sa mata, don babu ledar da za ta shigo gidan ba ta cusa hanci ta bincika ba.

Abin da ya sa ya kashe famfon, ƙarar ruwan ce. Da ya ji wannan tsiyayar sai kunnensa ya gaya masa Tsohuwa tana kicin tana ɗauraye kofi, sai ya juya, sai ya ga ƙofa a buɗe ba kowa. Ya gaji da juyawa. Ya samo kwanon silba ya cika da ruwa ya ajiye wa Sufeto. Ta zo ta sunsuna, ta dube shi, ta wuce abinta.

Mutane suna ta yaba haƙurinsa. Ba haƙuri ba ne, wallahi. Ba ya jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Yana tashi da safe ya tafi shago, ya saka gilashi a ido, ya buɗe agogon mutane ya rufe, ya dawo. Shayi ya sha ko ruwan zafi, duk ɗaya ne a bakinsa. Hannuwansa ne kaɗai suka ƙi zama. Ya bi gidan da gyara: ƙofar ɗaki mai kuka ya ɗiga mata mai, rediyon da ya shekara a mace ya tashe shi, ƙafar kujera ya ɗaure. Sai ya lura famfon banɗaki yana ɗiga, kuma kullum Sufeto tana zaune a ƙarƙashinsa. Ya ce a ransa ɗigar ce take damunta ita ma. Ya ɗauko sifana ya canza robar, ya matse shi tam. Ko ɗigo ɗaya bai ƙara faɗowa ba.

Ka ji mutumin da ke gane ciwon agogo daga bugunsa, amma bai gane cewa ɗigon nan shi ne ruwan shan magen ba.

Auta ce ta gano. Ita ce ƙaramar 'yarsu, tana koyarwa a can ɗaya gefen gari, takan zo ƙarshen mako ta yi masa wanki da girki. Ta shigo da ledoji, ta ajiye su a tsakar falo, ta tsaya tana jira. Ba wanda ya zo bincike. Ta leƙa ƙarƙashin gado ta jawo Sufeto, ta ji ta sakayau a hannu, gashinta ya yi buzu-buzu, idanunta sun faɗa. Ta tambayi Baba tun yaushe magen take haka. Ya ce bai sani ba. Gaskiya ya faɗa.

Likitar dabbobin da suka kai magen wurinta wata gajeruwar mata ce mai saurin magana, irin waɗanda ba sa shafa wa magana mai. Ta ɗaga fatar wuyan Sufeto ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Ta ce magen ta bushe, ga tsufa, ga ƙodarta dama ba ƙarfi gare ta ba. Ta yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ta ce wannan na yau ne kawai, allura ba ta maye gurbin baki. Sannan ta tambaya da me take sha a gida. Auta ta ce akwai famfon da Mama ta sayo mata. Likitar ta dubi Mai Agogo ta ce yana aiki dai ko. Ya ce ya kashe shi.

"Baba, in ba ta koma shan ruwa da kanta ba, ba za ta kai labari ba," in ji likitar. "Ku je ku kunna mata abin da ta sani."

Suka kamo hanyar gida. Yana riƙe da kwandon magen a cinya, yana jin ɗan motsin da ke ciki. Ya san abin da ke cikin kwandon nan: ita ce abu mai rai na ƙarshe da Tsohuwa ta bari a hannunsa. Ya sani sarai, amma sanin ya tsaya masa a ka, ya ƙi sauka ƙirji.

Suna isa ya mayar da wayar bango. Injin ya yi gurnani, furen ya ƙi kawo ko ɗigo. Ya ɗaga murfin, wani wari ya bugo su. Ruwan da ya bari a ciki tun ranar ya yi kore, yauƙi ya kama bangon robar, soson da ke tace ruwa ya yi baƙi ƙirin. Auta ta toshe hanci ta ce wannan ai ya gama yawo, bari ta shiga kasuwa ta nemo sabo, in an dace. Ya ce ta je. Ta ɗauki jaka ta fita, ta bar shi da magen kwance a kan tawul tana numfashi sama-sama.

Ya kai robar kicin. Abin mamaki, ashe ya san yadda ake yi, shi da bai taɓa sa hannu ba. Shekara da shekaru yana zaune da jarida yana jin Tsohuwa tana wankin nan tana mita. Ba a sa sabulu mai ƙamshi, don hancin Sufeto ya fi na surukar kowa. Ba a amfani da soson kwanuka. Akwai wani tsohon buroshin haƙori mai shuɗin hannu da take ajiyewa a bayan tukunyar fure, na lungu-lungu. Ya miƙa hannu bayan tukunyar, ga shi nan kuwa inda ta bar shi. Ya goge robar, ya bi cikin furen da buroshi, ya ɗauraye har sai da yatsa ya daina santsi a jiki. A aljihun tebur ya sami sabon soson tacewa a ledarsa, ya jiƙa shi ya matse kamar yadda take yi. Ya haɗa, ya zuba ruwa, ya kunna. Gurnani dai, ba ruwa.

To, saura injin. Nan kuma fagensa ne. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin falo inda hasken taga yake faɗowa, ya ɗauko hantsaki da gilashin ido. Injin bai fi akwatin ashana ba. Ya ɓalle murfin da farce, ya ga 'yar farfelar da ke juya ruwa ta cushe, wani abu ya nannaɗe sandarta ya shaƙe ta. Ya ce gashin mage ne, ya saka gilashi ya sunkuya.

Akwai na mage, gajeru, masu ruwan toka. Amma abin da ya ɗaure farfelar dogo ne, fari fat, ya zagaye sandar ya sake zagayewa.

A watannin Tsohuwa na ƙarshe, da maganin asibiti ya fara zubar mata da gashi, a nan kusurwar take zama a kan 'yar kujera, wai ƙarar ruwan tana rage mata tashin zuciya. Tana taje kai a hankali, tana tattara abin da ya zubo tana dunƙulewa a hannu don kada ya gani. Da aka yi rasuwa 'yan'uwanta suka share ɗakin tas, suka wanke, suka raba kaya, ko mataji ba su bari ba. Ashe ga inda ya rage.

Ya gwada warwarewa. Mutumin da ke zare gashin agogo, siririyar wayar nan ta cikinsa, ba tare da ya lanƙwasa shi ba, ya bi bakin silin da hantsaki, ya juya, ya lallaɓa. Ina! Ya riga ya ƙulle da yauƙi, ya shige ƙarƙashin farfelar. In dai ana son ta juya, sai an yanka. Ya ajiye hantsakin. Ya zauna yana kallon abin, bai san iya lokacin da ya ɗauka ba. Zai iya rufe murfin ya ajiye injin a aljihun tebur yadda yake, ya jira Auta, wataƙila ta samo sabo, wataƙila kuma ba ta samu ba. Wataƙila Sufeto ta yarda da sabon, wataƙila ta sunsuna ta wuce kamar yadda ta yi wa kwanon silba.

Daga kan tawul magen ta buɗe baki za ta yi kuka, sauti bai fito ba.

Ya ɗauki ƙaramin almakashi ya yanka. Ya sake yankawa. Ya zaro guntayen ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan farin ƙyallen, inda da ƙyar ake ganinsu. Ya wanke farfelar, ya hura, ya taɓa ta da yatsa ta juya. Ya mayar da komai, ya cika ruwa, ya sa waya a bango.

Furen ya yi tari sau ɗaya, sai ruwa ya ɓullo ya gangaro.

Kunnen Sufeto ne ya fara motsi. Ta ɗaga kai, ta miƙe tana tangaɗi, ta taka ta zauna, ta sake takawa. Bai ɗauke ta ba, don Tsohuwa ta sha faɗa cewa in ka kai ta da hannu ba za ta sha ba, girman kai gare ta kamar mai gidan. Ta isa, ta sunsuna furen ta kowane gefe, ta gama bincikenta. Sannan ta sa harshe.

Yana tsugune a wurin ya ji an turo ƙofar waje. Auta ce, hannu babu komai, ta fara cewa ta zaga ko'ina ba ta samu ba. Sai maganar ta tsaya. Tana daga bakin ƙofa, ba ta hango kusurwar ba, ƙarar kawai ta ji. Ta juya kai wajen kicin.

"Mama?" ta ce.

Ta rufe baki da hannu, amma maganar ta riga ta fita. Mai Agogo ya ji kalmar ta sauka masa a ƙirji, ta buɗe wurin da ya yi watanni a rufe, kuma da zafi, zafi sosai. Wayar tana nan kusa da gwiwarsa, miƙa hannu kawai zai yi. Ya bar ta a bango.

"Shigo a hankali," ya ce. "Tana sha."