Bakin Benci na Hagu

Kafinta ne ya haɗa kujerun makarantar kuɗin da ke bayan gidan mai, guda arba'in cif, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Ko ƙofar banɗaki ka kawo masa gyara sai ya san yadda ya yi ya sako zancen kujerun nan. Kowace da ɗan teburinta manne a hannun dama, yaro ya zauna ya ɗora littafi kamar ma'aikacin banki. Don haka da 'yarsa ta isa shiga aji ɗaya, a wurinsa babu wani abin tattaunawa. Ina za ta, in ba inda aikin hannun ubanta yake ba?

Ƙusa suke ce wa yarinyar, don siririya ce, kuma tun tana rarrafe a shagonsa take wuni tana tsince masa ƙusoshi daga cikin garin katako. Shekararta shida. Ba ta da surutu, amma in ta zare fensirin da ke bayan kunnensa, duk guntun katakon da ta samu sai ta cika shi da kaji da motoci da mutane masu manyan kunnuwa. Da hannun hagu take yi. Shi dai Kafinta bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, tunda kajin suna fitowa kaji.

Matarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta ma fi shi son makarantar kuɗin. Ta sha faɗa masa cewa ta gwamnati yara sun kai saba'in a aji, rufin yana yoyo, malamai kuma yau suna nan gobe sun tafi yajin aiki. Ba ƙarya ta yi ba, kowa a unguwar ya sani.

Ranar gwajin shiga, Kafinta ya sa rigarsa mai kyau ya kai yarinyar da kansa. Ya tsaya ta taga yana leƙe, rabi don 'yarsa, rabi don ya ga yadda fentin kujerun ya riƙe. Fenti kam ya riƙe. Amma Ƙusa, da ta zauna, sai da ta murɗe jikinta gaba ɗaya kafin hannunta na hagu ya kai kan teburin, kafaɗa a karkace, gwiwar hannu tana lilo a iska ba wurin ajiyewa. Wata matashiyar malama ta zo ta zare fensirin a hankali, da murmushinta, ta sa mata a dama. Da ta juya baya, yarinyar ta mayar hagu. Malamar ta dawo ta sake. A karo na uku Ƙusa ta ajiye fensirin, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu, har aka tashi.

Mai makarantar mutum ne mai fara'a. Ya ce yarinyar tana da kai, ta amsa duk tambayoyin baki, sun ɗauke ta. Hannun kuwa kada ya damu, cikin zango ɗaya za su gyara mata shi, sun gyara da yawa. Kafinta ya ce ai abin mai sauƙi ne, zai haɗa kujera ɗaya mai tebur a hagu ya kawo kyauta. Mutumin ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. Ya ce iyaye suna zagayowa duba azuzuwa, so ake su ga komai a jere iri ɗaya, kuma in aka yi wa ɗaya gobe kowa zai zo da nasa tsarin.

A hanyar gida Kafinta ya ji haushin kujerun nan a karon farko. Guda arba'in ya yi, da awo da lissafi, bai tuna da 'yar da ke zaune a gabansa kullum ba.

Da ya ba matarsa labari, ba ta ɗago daga gugar da take yi ba. Ta ce gara a gyara ta yanzu tana ƙarama, kafin a fara yi mata dariya. Ta faɗa a gajarce, da irin muryar da ya san ba a ja da ita.

Abin da ya fi damunsa ya biyo baya. Ƙusa ta ci gaba da zuwa shago, amma ta daina taɓa fensiri. Ya ajiye mata guntayen katako masu santsi, har da wanda ya goge musamman, ta tara su ta yi gida da su. Da ya miƙa mata fensirin, sai ta dubi hannayenta, wannan da wancan, ta ce ba ta so. Tsoro ya kama shi sosai. Tun ba a fara karatun ba an riga an ƙwace mata wani abu, kuma shi ya kai ta da ƙafarsa.

Ana saura mako biyu a koma makaranta, shugaban firamaren gwamnati ya aiko a kira shi. Iyayen yara sun yi karo-karo za a gyara bencina goma sha takwas na aji ɗaya. Kafinta ya tafi yana ɗan yatsina, irin ta wanda ya saba da manyan ayyuka. Bencinan sun sha wuya: ƙafafu na rawa, ƙusoshi sun leƙo, ko'ina zane-zanen yara. A bakin wasu daga ciki, ta gefen hagu, akwai ɗigon jan farce kamar girman kwabo. Ya ce a ransa yaran yanzu ba abin da ba sa zuwa da shi makaranta. Ya sa samfefa ya goge komai tas, ɗigon ma sai da ya ƙara ƙarfi kafin ya fita.

Yana tattara kayansa malamar ajin ta shigo. Gajeruwa ce, ta manyanta, tabarau rataye a wuyanta da zare. Ya gyara tsayuwa yana jiran yabo. Ta bi bencinan ɗaya bayan ɗaya tana shafa bakinsu, sannan ta juyo.

"Malam, wa ya ce ka goge mini alamuna?"

Ya ce ai ya zaci ɓarnar yara ce. Ta ce ɓarnar babba ce, kuma da kwalbar jan farcenta aka yi ta. Yara huɗu take zaunarwa a benci ɗaya. In bahago ya faɗa tsakiya, gwiwar hannunsa da ta maƙwabcinsa su yi ta karo, rubutu ya lalace, a yi kuka, a ce wane ba ya ji. Shi ya sa take ba bahagwai bakin benci na hagu, inda hannunsu ke da fili. Kuma tunda 'yan aji ɗaya ba su iya karanta sunansu ba tukuna, ɗigon ne ke nuna wa yaro wurinsa. Bara bahagwai bakwai gare ta. Tana ta faɗa tana nuna shi da tabarau, shi kuwa, mutumin kujeru arba'in, yana tsaye da guduma a hannu kamar yaron da aka kama da mangwaron maƙwabta.

Ya koma shago ya ɗauko jan fenti, ya mayar da ɗigon a duka goma sha takwas ɗin, ko za a buƙata. Yana yi yana tambayarta a kaikaice, wai wani abokinsa ne ke da 'ya bahaguwa. Ta bar shi ya gama kewaye-kewayensa.

"Ka faɗa wa abokin naka gaskiya," ta ce. "Yara sittin da takwas gare ni bara. In ana ruwa, bokiti muke sawa a kusurwar can. Watan da albashi ya makara, raina a ɓace nake shigowa, yaran ma sun sani. Amma hannun yaro ba ya cikin abin da nake gyarawa, tunda bai lalace ba."

A gida aka kai ruwa rana da ya ce firamaren gwamnati yake so a sa Ƙusa. Matarsa ta tambaye shi ko ɗigon fenti ne zai koya wa yarinya Turanci. Ta ce 'ya'yan yayarta duk a makarantar kuɗi suke, da wane baki za ta ce tata tana zama su huɗu a benci? Ta ce shi kafinta ne, komai ta katako yake auna shi. Wannan ta yi masa zafi, don akwai gaskiya a ciki. Abu ɗaya kawai ya roƙa, su je tare ranar buɗe makaranta ta gani da idonta, in ba ta yarda ba, shi ke nan, zai bi nata. Ta ce za ta je, ko don ta nuna masa abin da son ransa ya rufe masa.

Suka je da safe, Ƙusa a tsakiyarsu. Ajin ya cika da hayaniya da iyaye da yara masu kuka. Kafinta yana kallon idon matarsa yana bin aibu ɗaya bayan ɗaya: tagar da ba ta da gilashi, tabon ruwa a silin, allon da ya yi furfura. Ya san duk tana adanawa don hanyar gida.

Malamar tana zaune a bakin teburinta da wata ƙwallon tsumma a hannu. Duk yaron da aka kawo, kafin ta tambayi sunansa sai ta jefa masa ita, ta ga hannun da zai fara kai wa. Da layi ya zo kansu ta jefo wa Ƙusa. Yarinyar ta sulale ta ɓuya a bayan uwarta, ƙwallon ta nufo fuskar uwar, sai hannunta ya tashi ya cafke ta a iska. Hannun hagu.

Malamar ta dubi uwar ta saman tabarau, ta daɗe.

"'Yata, a aji nawa aka sauya miki hannu?"

Matar Kafinta ta tsaya tana kallon ƙwallon a hannunta. Shekara tara suna tare, ya ga tana cin abinci da dama, tana rubuta wa mutane yadda za su sha magani da dama, da karkataccen rubutun nan nata da yake yawan tsokanarta a kai. Bai taɓa sani ba.

"Aji ɗaya," ta ce a hankali. "Da rula. Har na gama firamare, in na ga ƙofar aji cikina ciwo yake." "Ni so nake a yi mata da wuri, kada ta sha irin wadda na sha."

"Ba sai an yi mata ba gaba ɗaya," in ji malamar. Ta turo mata takardar rajista da biro, ta juya ga yaro na gaba kamar ba a yi komai ba.

Matar ta daɗe a sunkuye kan takardar. Ta ɗauki biron da dama, yadda ta saba. Sai ta dubi Ƙusa, wadda ta leƙo daga bayanta tana kallon hannun. Ta mayar da biron hagu, ta fara rubuta sunan 'yarta. Haruffan suka fito manya, a karkace, suna rawa kamar na ɗan aji ɗaya, har ta yi wata 'yar dariya hawaye na zubo mata.

"Mama, ba haka ake riƙewa ba," in ji Ƙusa. Ta miƙo hannunta na hagu. "Kawo in nuna miki."