Saƙon Yaya Ladan

Injin ƙyanƙyasa ya sake sandarewa da hantsi. Tambaya ta zare wayar wutarsa ta mayar. Ƙwan da ke ciki na ƙungiyar matan Sanyinna ne, na zabi da na kaji, kowace ta kawo ɗan abin da ta tara. In suka huce, shi ke nan an yi asara.

Ta san ciwon sarai. 'Yar kwamfutar da ke kula da zafin injin, su biyu suka yi aikinta. Ita ta rubuta ɓangaren can ciki da ake kira kanal, mai juya wuta da fanka. Ladan, wan mijinta, wanda ya koya mata sana'ar a Tambuwal, shi ya rubuta manhajar waje mai aiko da umarni. A ƙa'ida, duk abin da ya zo daga waje sai an auna tsawonsa kafin a kwafe shi cikin ƙwaƙwalwar kanal, yadda baƙo kan tsaya a zaure. Ta kuwa sa awon. Ran da awon ya ƙi saƙonsa, Ladan ya yi dariya ya tambaya ko yanzu har shi ake bincike. Kunya ta rufe ta, ta goge layin awon a gabansa. To ga shi saƙon ya fi wurin da aka tanadar masa, yana malala kan abin da ba nasa ba, injin ya sume.

Ta zauna, ta tashi, ta leƙa waje, ta dawo. Mero shugabar ƙungiya ta kafe a bakin ƙofa, sai tambaya take ko a kwashe ƙwan a nemo kaji masu kwanci. Ana haka Ladan ya iso a babur. Ko kallon allon injin bai yi ba ya ce batir ne, ya durƙusa zai kwance shi ya kai Tambuwal. Tafiyar nan da dawowa, ai sai dai a soya ƙwan.

Tsoro ya kama Tambaya, amma ta buɗe kwamfutarta ta mayar da layin. Nan take allon ya nuna an ƙi saƙon.

"Mi kinka yi?" in ji Ladan.

"Yaya, ba batir na ba. Saƙonka na ya yi tsawo. Na mai da awon."

Mero ta kawar da kai kamar ba ta ji ba. Ladan ya miƙe ya jawo kujera ya karɓi kwamfutar ya rage saƙon. Fanka ta tashi.

Da zai tafi ya yi wa Mero sallama, har da gaida gida. Tambaya kuwa wuce ta ya yi ya hau babur, abin ya sosa mata rai ƙwarai. Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace ta ɗauko ƙwan zabo ɗaya ta kara a kumatunta. Da sauran ɗumi.