Wanne Ya Fi Laushi a Gangara

"Ka hau su yau ɗin nan, Tela," in ji Mai Keke daga kan katifa. "Ka dawo ka faɗa mini gaskiya. Ba zan tafi da gardama a baki ba."

Kekunan biyu suna jingine a ƙofar gida. Na hawan dutse ne, masu bodin ƙarfe irin na da, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Tun maƙwabtan nan biyu suna da baƙin gashi suke musu a kansu. Tela ya ce shuɗin ya fi daɗin hawa. Mai Keke ya ce ƙarfen jan yana ɗan lanƙwasa, ya shanye dutse kafin ya iso ƙugu. Kuma Tela bai taɓa hawan jan ba. Taurin kai ne tsagwaronsa, ba wani abu ba.

"Haba Yaya, da wannan gwiwar tawa?"

"Bakinka dai bai taɓa ciwon gwiwa ba. Tashi."

Ya fara da shuɗin, a gangarar bayan gidaje. Babu dutsen da bai gaisa da haƙoransa ba. Ya turo shi gida, ya ɗauki jan, ko leƙa ɗakin bai yi ba.

Jan ya tafi sumul. A tsakiyar gangara sai bayan keken ya yi nauyi, tayar ta lotsa kamar an ɗora mutum. Warin man zafin da ake shafa wa Mai Keke a ƙirji ya cika masa hanci. Kan keken ya karkata hagu da kansa, ya kauce wa wani rami da ciyawa ta rufe. Tela bai waiwaya ba. Da ya isa ƙasa, nauyin ya sauka.

Ya dawo yana haki, ya yar da keken, ya faɗa ɗaki.

"Yaya, ka yi gaskiya!"

Matar Mai Keke tana zaune a gefen katifa. Ta riga ta ja masa zane har ka.

"Ya cika," ta ce.

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce, 'Hagu, Tela, akwai rami.' Sai ya yi 'yar dariya."

Tela ya durƙusa kusa da kunnen da ke ƙarƙashin zanen.

"Jan ne," ya ce.

A ƙofar gida keken yana kwance ta gefe. Babu iska, amma tayar baya tana ta juyawa a hankali, ƙis, ƙis, ƙis.