Walimar da Aka Riga Aka Ci

Ranar da Jawahir ta karɓi difloma a kwaleji, uwarta Fatsuma ta ga an sa mata baƙar riga da hula mai tuntu. Shi ke nan fa. A wajen Fatsuma, duk wanda ya sa wannan hular ya ƙure karatu, sai dai a bi shi da addu'a. Ba ta tambayi kowa ba, kuma ita ba macen da ake yi wa gyara tana cikin murna ba ce.

Ta kama gidan biki a bayan gari, irin wanda mutanen Makka ke kira istiraha. Ta gayyato matan unguwarsu Hindawiyya kaf, ta haɗa da na unguwar Misfala, har da waɗanda rabonta da su tun wani tsohon suna. Aka yanka raguna, aka dafa shinkafa, aka ɗora Jawahir a kujera kamar amarya. Fatsuma ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Khalas, an gama! 'Yata ta gama karatu duka." Ta fi daɗewa a gaban maƙwabciyarta Hure, wadda suka yi shekara da shekaru suna gaisawa da fara'a, kowacce na auna 'ya'yan 'yar'uwarta da ido.

Jawahir na jin ta. Ita ta san difloma rabin hanya ce. Ta ma riga ta nemi tajsir, wato jami'a ta karɓi mai difloma ya ɗora daga inda ya tsaya har ya kai digiri. Ta ce a ranta bari a ci a watse tukuna. Wannan kawaicin ne ya ja mata.

Bayan hutu jami'a ta amsa. Jawahir ta faɗo kicin da gudu.

"Ummi, sun karɓe ni! Zan shiga jami'a."

Fatsuma ta ajiye ludayi. "Wace jami'a kuma? Ba kin gama ba?"

"Kwaleji na gama. Digiri saura shekara biyu."

"To ragunan da aka ci fa, na mene ne?"

"Na difloma."

"Ya binti, 'yar nan, ki rufa min asiri. Gobe Hure ta gan ki da littattafai, me za ta ce? Cewa za ta yi faɗuwa kika yi aka mayar da ke. Ta ce na tara unguwa a kan ƙarya. Ni da na tsaya a gabanta na buɗe baki!"

"Sai mu yi wa Khala Hure bayani."

"Hure ake yi wa bayani?"

Jawahir ta yi kuka har idonta ya kumbura, don duk duniya ba abin da take so kamar digirin nan. Fatsuma ma ta yi nata kukan, don tana son 'yarta, tana kuma tsoron bakin unguwa. Mai gidan, Mukhtaru, direban tasi ne, ya saba da fasinja biyu kowanne na nuna masa hanyarsa. Ya saurare su ya ce, "Ta je jami'arta. Wanda ya tambaya, a ce dawam take zuwa." Dawam shi ne zuwa wurin aiki. Fatsuma ta share hawaye, ta ce ai da ma ita ba ta hana karatu ba.

Haka aka fara. A wasu gidajen yaro kan ce ya tafi makaranta ya zarce yawo. Ita Jawahir cewa take ta tafi aiki, ta saci jiki ta shiga aji. Littattafanta a but ɗin tasin babanta suke kwana. In jarrabawa ta matso ta rame, sai Fatsuma ta ce wa mata, "Aikin ne, wallahi, ba sa barin ta ta huta."

Jami'a kuma ba ta karɓi duk darussan kwalejin ba. Aka ce wasu sai ta sake su, shekara biyun ta ƙaru da zango guda. Abin ya ƙona mata rai, amma wa za ta kai wa ƙara? Ma'aikaciya ba ta kukan darasi.

Hure ba ta bar su sun sarara ba. Ta zo da 'yarta Shahad, wai Jawahir ta yi mata hanya a wurin aikinsu. Fatsuma ta ce kamfanin ba kowa yake ɗauka ba. Hure ta tambayi muƙamin Jawahir, Fatsuma ta ƙirƙiro ɗaya ta faɗa mata. Da ta sake tambaya bayan Hajji, sai Fatsuma ta ƙara wa Jawahir girma. Kafin Jawahir ta shiga zangon ƙarshe ta zama mudira a bakin uwarta, shugabar sashe guda, alhali ranar da aka ba ta muƙamin ma makara ta yi malama ta hana ta shiga aji.

Ta dai gama, kuma da sakamako mai kyau. Aka sa ranar yaye ɗalibai, aka ba kowace ɗaliba katin gayyatar uwarta. Jawahir ta kawo nata ta ajiye a cinyar Fatsuma.

"Ummi, wannan karon na gaske ne. Ina so ki zo."

Fatsuma ta ce za ta zo, kuma har zuciyarta take nufi. Ta goge abayarta ta fita kunya, ta turara ta. Da safiyar ranar sai ta zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. Zauren zai cika da matan Makka. Za a kira suna a lasifika, har da sunan uba da na kaka. A cikin matan nan ba za a rasa wadda ta san wadda ta san Hure ba. Ina aka taɓa ganin mudira a layin ɗalibai?

"Kaina ke ciwo," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Jawahir ta juya ta fita. Babanta ya sauke ta a ƙofar mata, ya tafi neman fasinja. A ciki, duk yarinyar da aka kira sai wani ɓangare na zauren ya ɓarke da ihu. Da aka kira Jawahir, iyayen wasu suka tafa mata kaɗan saboda ladabi.

Da la'asar ta dawo, ta miƙa wa uwarta takardar digirin. Fatsuma ta riƙe ta da hannu biyu, ta sumbace ta, hawaye na zuba. Farin cikin ya taso mata har maƙogwaro, ta ji ba za ta iya haɗiye shi ba. Ta miƙe da sauri ta rufe tagar da ke kallon gidan Hure, ta ja labule. Sannan ta ɗauki matashin kai ta danna a bakinta, ta rangaɗa guɗa a cikinsa.

Jawahir na tsaye a bakin ƙofa. Ita kaɗai ta ji.