Furen Bishiyar Hajiya Sa'adiya

Hajiya Sa'adiya ce ta fara dasa bishiyar tulif a layinsu da ke Handsworth, a shekara ta dubu biyu da ɗaya. Kafin ita ba wanda ya taɓa dasa abin da ya wuce tsayin katanga a bayan gidajen nan. Yau kuwa, da safiyar wata Laraba cikin watan Yuni, mijinta Injiniya Bara'u Sanda yana tsaye a ƙofar kicin cikin babbar riga, yana kallon wata Baturiya mai suna Zoe tana ɗaura igiya a ƙugunta domin ta hau ta sare bishiyar.

'Yarsa Hanan, likita, wadda ta tuƙo mota daga Manchester tun da sassafe, ta matso kusa da shi.

"Baba, ka shiga ciki ka zauna. Ba sai ka kalla ba."

"Ranar da aka sare darbejiyar ƙofar gidanmu a Katsina, mahaifina a tsaye yake har aka gama," in ji shi. "Ba daga kaina za a fara zama ba."

Marigayiya Hajiya Sa'adiya ta ga irin bishiyar ce a wani lambun gwamnati, cike da furanni masu kamar ƙananan kofuna, ta dawo gida da dashenta a tukunya. Mai sayarwa ya gaya mata gaskiya: sai ta yi haƙurin shekara goma sha biyar, ko ashirin, kafin ta ga fure. Ta ce ai ta raini 'ya'ya uku, ta san jira. Tun daga ranar take kiranta autar gida.

Rainon kuwa Bara'u ne ya ɗauka, kuma ya yi shi yadda ya ga magabata suna yi wa darbejiya. Ya haƙa ramin dab da katanga, domin inuwa ta rufe tsakar gida. Duk shekara yakan kafa tsani ya daddatse rassan ƙasa, domin bishiyar kirki, a ƙa'idarsa, ita ce wadda namiji zai tsaya ƙarƙashinta hularsa ba ta taɓa ganye ba. Da tsaninsa ya gaza, ya aro mai tsawo. Haka gangar jikin ta miƙe sumul har ta wuce tagar bene.

Kowane Yuni Hajiya takan tsaya a tagar kicin da kofin shayinta tana ɗaga kai. "Autar nan taki marowaciya ce," yakan ce, ita kuma ta ce, "Halin mai rainonta ta ɗauko." Bara, a gadon asibiti, ta riƙe hannun rigarsa ta ce kada ya bari a taɓa bishiyar sai ta yi fure, ko ita ba ta gani ba, shi ya gani. Ya amsa mata.

"Shekara ɗaya kawai, Hanan," ya ce yanzu, ba tare da ya dube ta ba. "Ki yi musu magana. Na yi wa mahaifiyarki alkawari."

"Baba, kamfanin inshora ya ɗaga mana ƙafa sau biyu. Saiwar ta fasa bututun ruwan dattin gidan Mista Jedidiah, bangonsa ya tsage tun daga ƙasa. In ya faɗo wa mutum fa?"

Maƙwabcin nasu, dattijo ɗan asalin Jamaika, ya leƙo ta kan katanga da hularsa a hannu. Da Turanci ya ce, "Injiniya, da ni kaɗai ne a cikin gidan, da na bar maka ita. Na sha shayi a inuwar nan fiye da kai." Bara'u ya ɗaga masa hannu cikin girmamawa.

Zarton inji ya fara kuka. Zoe ta fara daga can ƙololuwa, tana zuro rassa da igiya ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka sai injin ya yi shiru. Ta kira daga sama cewa ga wani reshe nan, a karɓe shi a hankali, abin tausayi ne a murƙushe shi.

Reshen ya sauka a gaban takalmin Bara'u. A tsakanin ganyayen nan masu kamar an datse musu baki da almakashi, fure ne a tsaye kamar kofi, kore mai sirkin rawaya, da zanen ruwan lemo a gindinsa. Ga wani, ga kuma wani. Launinsu ya saje da ganye, kuma bakin kowane yana kallon sama.

"Baba, ta yi," Hanan ta ce. "Alkawari ya cika. Ka gani da idonka."

Shi kuwa ba furen yake kallo ba. A kan reshen akwai wani busasshen abu mai tsini, ragowar na bara, da 'yan ɓawo masu fiffike manne a jikinsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya ciro ɗaya, ya juya shi a tafin hannu. Ya san shi. Shekaru da dama Hajiya tana share irinsu daga tsakar gida duk lokacin sanyi, tana mitar cewa iska ce take kwaso mata sharar maƙwabta.

"Wannan iri ne?" ya tambayi Zoe da Turanci, lokacin da ta sauko shan ruwa.

Ta ce iri ne, bayan fure yake fitowa. Ta ce bishiyar ta daɗe tana yi. Da akwai rassa a ƙasa, da tuni sun gani daga taga. Ta faɗa ne da fara'a, tana yabon bishiyar, ta koma kan igiyarta.

Bara'u ya dubi gangar jikin, da jerin tabon da zartonsa ya bari, tun daga tsayin ƙirjinsa har inda ido ya gaza. Ya daɗe yana kallo. Hanan ta bi idonsa, ta sunkuyar da kai.

Bai zauna ba har aka gama. Da la'asar tsakar gidan ta cika da wani haske da bai saba da shi ba.

"Ko mu kai mata reshen maƙabarta?" Hanan ta tambaya a hankali.

"Ba al'adarmu ba ce. Addu'a ake kai mata."

Ya ɗauko kofin shayin Hajiya, ya zuba ruwa, ya tsayar da fure ɗaya a ciki, ya ajiye a tagar kicin. Sannan ya ɗauko irin da ya tsinta, ya sa a hannun 'yarsa.

"Ki shuka a gidanki na Levenshulme, can Manchester, nesa da bango. Ni ba zan ga furensa ba. Ki gaya wa 'ya'yanki kada wanda ya taɓa masa rassan ƙasa."

Abin da gidan ya samu daga bishiyar shi ne inuwar shekara ashirin da ɗoriya, da tabarmar suna ta jikoki biyu, da zaman makoki guda. Abin da ya rage kuwa: kututture a gindin katanga, iri cikin jakar Hanan, da fure ɗaya a kofin Hajiya Sa'adiya, a daidai inda take tsayawa.