Ungulu a Kan Maɗacin Baba Lawan

Kafin kowa a Gyaɗi-Gyaɗi ya ɗaga kai, Baba Lawan ya riga ya ganta. Mutumin da ya tsufa a mayanka, wanda bijimin sa ya taɓa sokewa a ciki ya miƙe da ƙafarsa, ai ba shi za a nuna wa ungulu ba. Yaushe rabon unguwar da ita! Sai ga ta ta yi sheƙa a kan maɗacin ƙofar gidansa, ta kwanta kan ƙwai ɗaya tal.

Ana ƙyanƙyashe ɗan, Baba Lawan ya hangi muzurun maƙwabciyarsa Jummai, ma'aikaciyar jinya, ya kama gindin bishiyar yana hawa. Ya wurga masa takalmi.

"Haba Baba! Za ka karya min kyanwa saboda wannan mummunar aba?" in ji Jummai ta kan katanga.

"'Yar nan, mummunar abar nan ita ke share garin nan tun ba a san motar shara ba. Muzurunki me ya taɓa sharewa, ban da kifin miyarki?"

Ta yi dariya, ta ce ko ta ɗaure shi tsinkewa zai yi.

Baba Lawan bai tsaya musu ba. Ya ɓalle kwanon rumfar da yake shan inuwa, ya naɗe gindin maɗacin da shi har ya wuce tsayin mutum, ya ɗaure da waya. Muzuru ya zo ya daka tsalle, farce ya yi ƙiii, ya zame ya faɗo. Ya sake, ya sake faɗowa. Jummai har da riƙe ciki.

Saura hankaki, masu zuwa ta sama in uwar ta tafi neman abinci. Su kam shi da kansa ya tsare, da danƙo a hannu, cikin ranar bazara, tunda rumfa ta tafi. Har ya fara ganin jiri bai matsa ba. Jummai ta leƙo ta gan shi, ta fito da lemarta ta kafa masa, ta kuma koma kulle muzurun a ɗaki in za ta asibiti.

Wata safiya ɗan ya buɗe fukafukai, ya yi tangal-tangal, ya kama iska, ya nufi Tarauni.

Mai cewa ƙarya ne, maɗacin na nan, kwanon na nan da zanen farce a jikinsa. Ya tuɓe takalmi ya hau mu gani.