Gilashin Malam Gwadabe

Jiya da rana tsaka Malam Gwadabe ya yi wani mafarki, kuma a ƙarƙashin motarsa ya yi shi. Tsohon direba ne, shekara talatin da ɗaya yana jan akori-kura ɗaya tak, yana kai albasa kasuwannin ƙauye. Duk shekara, da hadari ya fara haɗowa, sai ya ware wuni guda ya juye baƙin mai, ya cika lagireto da ruwa, ya kankare farin gishirin da ke taruwa a kan batir, ya canja robar waifa. Bana sau uku yana canja robar nan, wai gilashin ne ke nuna masa hanya dishi-dishi. 'Yarsa Lantana kuwa ta kafe sai ya ba ta makullin kafin ruwa ya sauka, tunda makon jiya saura ƙiris ya take wani mai sayar da rake. Ya ce sai dai bayan ransa. Ya shige ƙarƙashin mota duba birki, inuwa ta yi masa daɗi, barci ya yi awon gaba da shi.

Sai ga shi a wani gari inda motoci ne ke da mutane. Ruwan sama a can daga ƙasa yake tsattsafowa ya hau sama, don haka kowa ya kifa lemarsa ya zauna a ciki. Malam Gwadabe ne ke gudu a titi da hannu da ƙafa, akori-kurar na zaune a bayansa riƙe da kunnuwansa, tana murɗawa in za a sha kwana. Bai ga abin mamaki a ciki ba, nauyinta kawai ya ɗan dame shi.

Suka tsaya a wani gareji. Tsofaffin direbobi ne jere, an ɗaga kowa da jak. Bakaniken wata agwagwa ce mai rigar aiki, da sifana a baki. Ko kallonsa ba ta yi ba, sai ta gaida motar.

"Hajiya, me ke damunsa?"

"Damina ta zo, a duba mini shi gaba ɗaya," in ji motar. "Da safe sai an tura shi yake tashi."

Agwagwa ta ɗaga hularsa, ta zura tsinke ta zaro. "Mai ya yi baƙi, amma zai kai kaka." Ta ƙwanƙwasa gwiwarsa. "Wannan ƙarar ta shekaru ce, a shafa giris." Daga nan ta kama fatar idonsa, ta yi sama da ita, ta yi ƙasa, ta sake. "Hajiya, robar nan lafiyarta lau. Gilashin ne ya tashi aiki."

Malam Gwadabe ya buɗe baki zai ce ƙarya ne, gilashin motar ne ba nasa ba. Ƙarar hon ce ta fito.

"A sa masa sabo," in ji motar.

"An daina kawo irinsa."

Bai ga sanda suka bar garejin ba. Ya dai gan su a wani fili a bayan gari, inda ake ajiye direbobin da suka gama aiki. An cire wa kowa takalmi, an ɗora shi kan duwatsu huɗu. Ya hango Ɗan'azumi, abokin aikinsa na tasha, kaza ta yi ƙwai a aljihunsa, ciyawa ta tsiro masa a kunne. Suka gaisa da ido a kunyace.

Motar ta shiga kwance masa takalmi. Nan fa zuciyarsa ta karaya, ya ji wani baƙin ciki da bai taɓa jin irinsa ba, muryarsa ta dawo.

"Haba baiwar Allah, na taɓa barin ki da ƙishirwa?"

"Ko sau ɗaya."

"Na taɓa barin damina ta same ki da sulɓaɓɓiyar taya?"

"Ba ka taɓa ba. Amma mai raken nan tun daga nesa na hango shi, Gwadabe. Ina ji ina gani muka nufe shi, ga birki a cikina, ba ni da ƙafar da zan taka." Ta gyara masa zama a kan duwatsun. "Ba zan sayar da kai ba. Kullum da safe zan zo in tayar da kai na minti biyar, kada batirinka ya mutu."

Ta jawo tamfol ta lulluɓe shi. Ruwa ya ci gaba da ɓulɓulowa daga ƙasa, ya rasa hanyar wucewa, ya yi ta dukan tamfol daga ciki.

Ƙarar yayyafi a kan bonet ce ta tashe shi, da muryar Lantana. "Baba, fito haka nan, ruwa ya sauko."

Ya jawo jiki ya fito, rigarsa duk ƙasa. Ya tsaya ya dubi tsakar gidansa, ya mutsuke ido, ya sake duba. Komai ya cakuɗe, kuma babu wani gilashi tsakaninsa da gidan. Ya daɗe a tsaye ruwa na jiƙa shi, sannan ya laluba aljihu ya ciro makullin, ya miƙa wa jan zanen da ke gabansa.

"Ungo, ki shigar da ita rumfa."

Can Lantana ta yi magana a hankali, daga wani gefen daban.

"Baba, wannan shanya ce. Ga ni nan ta hagunka."